Tursunali da Faifai Sittin a Rumfar Inabi

Tantabara? A'a, amarya, ba ya kiwon tantabara, ko guda ɗaya bai taɓa ajiyewa ba. Suna ne kawai ya bi shi. Ke dai kada ki faɗa a gaban matarsa, Mohira baiwar Allah ce, ta sha abin da ya ishe ta. Miƙo kofinki in ƙara miki shayi, in gaya miki kafin baƙin nan su iso.

Shi Tursunali shekara biyu ya yi a Koriya. Waɗanda suka tafi tare sun ce kwalaye yake ɗauka a wani sito na kayan lantarki, daga mota zuwa ciki, daga ciki zuwa mota. Amma ranar da ya dawo garinmu Namangan, injiniya ne ya sauko daga tasi. Ga tabarau, ga 'yar jaka a hammata, ga motar kaya a bayansa ɗauke da talabijin mai faɗin ƙofar masallaci.

Duk unguwa aka fito. Maza huɗu suka kama abin, aka zo bakin ƙofar ɗaki, ya ƙi shiga.

Usta Shokir, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa, ya ce, "Tursunali-aka, babban yaya, ku juya shi a kaikaice mana. Ai siriri ne, zai wuce."

Tursunali ya dube shi ta saman tabarau. "Kai uka, ƙanena, wannan ba irin akwatunan da kake bugawa da tafin hannu su dawo hayyacinsu ba ne. Akwai ruwa a cikin gilashin nan. Ka karkata shi, hoton duk ya gangara gefe guda."

"To a jirgi a yaya ya zo?"

"Ka taɓa shiga jirgi?"

Usta Shokir bai taɓa shiga ba, sai ya ja baya. Aka kawo gatari, aka cire katakon ƙofa, aka fasa bango kamu biyu. Mohira tana tsaye riƙe da butar shayi tana kallon ƙofar da ta shigo ta cikinta ranar aurenta a kwance a tsakar gida.

Sai kuma ratayewa. Bangonmu na nan kin san shi, laka ce da ciyawa. Ni ce a bayan bangon, ina murza ƙullun gurasa, sai ga ƙusa ta leƙo ta saman kaina. Kafin in ce wani abu, ta biyu ta fito. Da suka ɗora talabijin, bangon ya ɓallo kamar ɓawon kankana, na ɗaga ido sai ga fuskar Tursunali ta cikin rami.

Ya ce, "Barka da aiki, maƙwabciya. A Koriya bango ba ya haka."

Ƙarshe a kan akwatin kayan auren Mohira aka ɗora shi, aka kwashe barguna aka jibge a ƙasa.

To, ga abin da ya sa maganar ta yi nauyi. Mahaifin Mohira, Mirzakarim-ota, ya rasu a kakar shekarar da ta gabaci wannan, wata biyu bayan bikin jikarsa Nodira, 'yar su Tursunali. Shi ma Tursunali ya zo hutu daga Koriya don bikin. A bikin nan tsohon ya miƙe ya ɗaga hannu ya yi wa yaran addu'a mai tsawo, mai ɗaukar bidiyo ya ɗauka tas. Mutumin nan bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba sai ranar. Faifai ɗaya ne tak, yana hannun matarsa, Hojarbibi. Duk ranar Alhamis, in ta soya 'yar fanke ƙamshin mai ya tashi don waɗanda suka rasu, kamar yadda muka saba, sai ta sa faifan a ƙaramar talabijin ɗinta, ta zauna ta ji muryar mijinta, ta shafa addu'ar tare da shi. In ya gama ta goge faifan da gefen ɗankwalinta, ta mayar cikin tsumma.

Saura sati shida a yi sadakar shekara. Da yake tsohon bai bar ɗa namiji ba, a gidan Tursunali za a dafa osh, shinkafar nan tamu mai nama da karas, 'yan'uwa za su zo har daga Andijan.

Nan fa dabara ta faɗo wa injiniya. Ya tafi gidan shayi, ya haye kan katakon zama, ya zaro wata 'yar baƙar aba daga aljihu, kamar sabulun wanka, ya ajiye kusa da faranti.

"Kun san wannan? Had-diraif. 'Yar akwatin nan za ta haɗiye duk wani biki da aka taɓa yi a unguwar nan, ta nemi ƙari. Faifai? Faifai ya mutu, jama'a. A Koriya ko kaza ba a ba wa ruwa a kansa."

Usta Shokir ya kurɓi shayi. "Abu ne mai kyau, aka, ban musa ba. Amma a kwafa a ciki, a kuma ajiye faifan a inuwa. Ita akwatin in ta faɗi sau ɗaya, ta tafi da komai. Shi faifai in ya ƙarje, shi kaɗai ya tafi. Wuri biyu ake ajiya."

"Wuri biyu! Kai mata biyu gare ka don kada ɗaya ta ƙarje?"

Aka kwashe da dariya. Tursunali ya ji daɗi, ya ƙara gyara zama.

"Ku kawo mini faifanku duka. Aure, kaciya, dawowa daga Makka, duk. Ranar sadakar surukina, bayan an ci osh, zan fito da babban allo. Za ku ga Mirzakarim-ota garau, har wani ya matsa ya ba shi wurin zama. Daga nan kowa ya ga nasa."

Usta Shokir ya ce, "Nawa dai yana gida, yana gaishe ka."

Sauran kuwa suka kai. Mu ma mun kai namu guda uku, ba zan ɓoye miki ba. Mutum ya dawo daga waje da tabarau, me za ka ce masa? Faifai sittin cif suka taru. Na Hojarbibi ne ya yi wuya. Sai da ya je sau uku.

"Inna, an ɗauki bikin nan da kyamara mai kyau, wannan 'yar talabijin taki ce take cin rabin fuskar Baba. Ki ba ni shi in sa a wuri mai aminci."

Ta ce, "Shekara guda yana cikin tsumman nan, ba abin da ya same shi."

"Tsumma, Inna! A tsumma ake naɗe mutum kamar Baba?"

Wannan maganar ce ta karya mata zuciya. Ta miƙa da hannu biyu, ta ce, "Alhamis nawa zan yi babu shi?"

"Biyar kacal. Ta shida ki gan shi kamar ya shigo."

A daidai lokacin Nodira ta haihu a garin mijinta, Chust, Mohira ta tattara ta tafi zaman jego. Tana fita tana cewa, "Baban Nodira, faifan Babana amana ne." Ya ce ta tafi kawai, ba da injiniya take magana ba?

Ya baje kwamfuta a kan tabarma, ya fara aiki. Da ya sa faifan farko, sai ya ga abubuwa da yawa a jere a ciki, wasu manya, wani ƙarami a sama. Ya taɓa babba, kwamfuta ta ce sai minti arba'in. Ya taɓa ƙaramin, kafin ya ɗaga kofi ya shige. Ya buɗe ya duba. Ga kiɗa, ga furanni suna zubowa, ga fararen tantabaru biyu sun taso sun riƙo zobe a baki, ga sunan ango da amarya da ruwan zinariya. Kin san dai yadda masu bidiyonmu suke buɗe kowane faifai.

Ya ce, "Shi ke nan, ya shiga. Sauran nan shara ce ta kamfani."

Kafin la'asar ya gama sittin. Duk wanda ya leƙo, sai ya nuna masa. "Ga sunan ɗanka nan, ko ba shi ba ne? To ya shiga." Mutum ya ga sunansa a allo mai faɗin ƙofa, zinariya tana ƙyalli, sai ya fita yana sa albarka.

Washegari a gidan shayi ya ce, "Usta, kai faifai ɗaya awa nawa yake ɗaukar ka?"

"Kusan awa."

"Minti ɗaya."

Usta Shokir ya ajiye kofi. "Minti ɗaya? Aka, ka kalli ko guda har ƙarshe?"

"Likita yana shanye maganin duka kafin ya san yana aiki?"

"Bari in zo in duba maka, ba sai ka biya ni ba."

"Ka duba wa wa? Ka tsaya a kan rediyonka, uka."

Ya naɗe 'yar akwatin a ƙyallen karan-miski, ya kulle. Saura faifai sittin a kwando. Lokacin kuwa inabi ya fara nuna, tsuntsaye sun addabi rumfar tsakar gidansa. Da ma mutane kan rataya matattun faifai ɗaya biyu don ƙyallinsu ya kori tsuntsu. Tursunali ya dubi kwando, ya dubi rumfa. Ya kawo zare da tsani.

Na leƙa ta ramin bango na ce, "Maƙwabci, ba bikin ɗana ba ne wancan yake lilo?"

"Bikin ɗanki yana cikin akwati. Wannan ɓawo ne, na zuƙe abin ciki."

Wallahi gidan ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. In rana ta fito sai ka ce shagon gwal. Masu wucewa suna tsayawa kallo, shi kuma yana zaune a ƙasa yana fifita, yana cewa ko tsuntsu ya san ilimi. Sati biyar faifan nan suna shan ranar Namangan, wadda take gasa ƙwai a kan dutse. Iska ta kaɗa su, su gogi waya, su gogi juna. Tsuntsayen kuwa kwana uku suka ji tsoro. Daga nan suka mayar da su madubi.

Mohira ta dawo ana gobe sadaka. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta.

"Baban Nodira, mene ne wancan?"

"Kimiyya."

"Ina na Babana?"

Ya gyara tabarau, ya dake. "Na ware shi daban."

"Ina?"

"Wuri mai aminci. Ke je ki ji da karas, buhu biyu ne ba a yanka ba."

Da gaske karas na jiranta, da shinkafa, da mata goma sha biyu a madafa. Ta haɗiye maganar ta wuce.

Ranar sadaka gida ya cika. Aka yi karatu, aka ci osh, aka yi addu'a. Ga Abdumalik-ota, wan marigayi, ya zo daga Andijan da sandarsa, shekara tamanin da 'yan kai, bai samu zuwa bikin ba saboda ciwon ƙafa, bai kuma sake ganin ƙaninsa da rai ba. Da aka kwashe faranti, maza huɗu suka fito da talabijin ta faffaɗar ƙofar nan, aka ajiye a inuwar baranda. Maza a gaba, mu mata a gefe. Aka sa wa Hojarbibi matashi a tsakiya. Ta yi sabon farin ɗankwali. Tun da ta shigo idonta na ƙasa, ba ta ko lura da rumfa ba.

Tursunali ya warware karan-miski a hankali kamar mai buɗe jariri. Ya yi jawabi. Ya yi maganar Koriya, ya yi maganar ci gaba, har Abdumalik-ota ya buga sanda ya ce, "Ɗana, ƙanina na zo gani."

Ya danna rimot.

Kiɗa ya tashi. Furanni suka zubo, jajaye, har raɓar da ke kansu kana gani. Tantabaru biyu suka taso da zobe. Sunan Nodira da angonta ya fito. Mata suka ce, "Kai, masha Allah!" Hojarbibi ta gyara zama ta buɗe tafin hannunta, tana jira.

Furanni suka sake zubowa. Tantabaru suka sake tasowa.

Tursunali ya ce, "Yana ɗumama ne."

Karo na uku. Karo na huɗu. Abdumalik-ota ya ce, "Tsuntsayen nan su ma 'yan gidanmu ne?"

Wani ya tuntsire a baya, aka zungure shi. Tursunali ya danna nan, ya danna can, ya jijjiga rimot, ya ciro batir ya lasa ya mayar. Gumi ya jiƙa masa hula.

"Bari mu gwada wani, injin ya saki jiki."

Ya buɗe na bikin ɗana. Tantabaru. Ya buɗe na kaciyar jikan mai gidan shayi. Tantabaru, wannan karon da balan-balan. Ya buɗe na dawowar liman daga Makka, sai ga tantabaru suna kewaya jirgin sama.

Mai gidan shayi ya miƙe. "Tursunali, ina jikana? Rago biyu na yanka a kaciyar nan!"

"Yana ciki! Duk suna ciki, hanyar fitowa ce ta cushe."

Usta Shokir ya taso ba tare da an kira shi ba, ya karɓi rimot, ya duba jerin abin da ke cikin akwatin. Bai daɗe ba ya ajiye.

"Aka, ƙofar gida ka kwafo, ka bar gidan. Wannan ɗan buɗewar farko ne kawai, inda ake zaɓar abin kallo. Bikin yana cikin manyan da ka tsallake. Akwatin nan fayau take."

"Ƙarya ne! Hassada ce, tun ranar da na dawo..."

"To ba komai. A kawo faifan a sa, ai ga injin kunna faifai nan."

Sai iska ta ɗan kaɗa, faifai sittin suka yi ƙyal-ƙyal a saman kanmu. Kowa ya ɗaga kai. Hojarbibi ma ta ɗaga.

Mohira ta ce, a hankali, "Baban Nodira. Wuri mai amincin ke nan?"

Ya cire tabarau ya hau gogewa.

Amarya, ban taɓa ganin dattawa sun yi gudu irin na ranar ba. Wannan ya hau tsani, wannan ya hau kan tukunyar osh da aka kife, mai gidan shayi ya taka kafaɗar surukinsa. Ana fizgar zare, inabi na zubowa ana takewa. Rubutun da ke kan faifan duk rana ta cinye, ba wanda ya san nasa. "Wannan nawa ne!" "Naka a ina, da sunanka?" Wasu sun lanƙwashe kamar soyayyen dankali, wasu azurfar bayansu tana ɓarewa a hannu, wasu tsuntsaye sun yi musu ado. Tursunali ya haye can sama yana ihu a bi a hankali, kayan kimiyya ne. Ƙafar rumfa ɗaya ta ce ƙaras. Ya sauko da rabin rumfar a wuyansa, ya zauna daɓas a cikin kwanon wanke hannu.

Ba wanda ya ɗaga shi.

Mohira ce ta gano na mahaifinta, don mai bidiyo ya buga hoton amarya a kai, kambin kan Nodira bai gama gogewa ba. Ta wanke shi da ruwa, ta miƙa wa Usta Shokir. Wani ya ce a nemi mai bidiyon. Aka ce ya sayar da kayansa tun bara ya tafi Rasha aikin gini.

Usta ya hura faifan, ya yi bismilla, ya sa. Injin ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani. Ya tsallake rabin bikin. Sai ga Mirzakarim-ota a tsaye, da rigarsa mai ratsi, ya ɗaga hannu biyu. Abdumalik-ota ya saki sandarsa. Muryar ta fito sarai:

"Ya Allah, ga yaran nan biyu, Ka..."

Fuskar ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai. Hoton ya yi tsalle, ya je ya tsaya cak a wani wuri. Tursunali ne a bayan tukunya ranar bikin, ya cika kumatu da kitsen jelar rago, mai na bin haɓarsa, hannu ɗaya yana tura ƙashi mai ɓargo cikin aljihun kwat. Ya cika allon nan tun daga sama har ƙasa. Garau.

Ba a yi dariya ba. Da an yi ma da ya fi masa sauƙi.

Hojarbibi ta ce, "Usta, sake."

Ya sake. "Ya Allah, ga yaran nan biyu, Ka..." Sai kumatun Tursunali. Ta ce a sake. A karo na huɗu injin ya turo faifan waje, ya ƙi karɓa kuma.

Tsohuwar ta miƙe da kanta, ta ɗauki faifan, ta goge da gefen farin ɗankwalinta, ta sa a ƙirji. Ta tako har gaban surukinta, yana zaune a ruwa da ganyen inabi a kunne.

"Ɗana, kana wurin ranar. Bayan 'Ka', me ya ce?"

Tursunali ya buɗe baki. Ya dubi allon da ya nuna inda yake a lokacin. Ya rufe bakin.

Ta gyaɗa kai. "Ni na haddace, kalma bayan kalma. Muryar ce ba ni da ita." Ta juya. "Mohira, aika a kwaso mini kayana. Gidan can ya yi mini shiru yanzu, ba zan iya ba. Wane ɗaki ne mai faɗin ƙofa? Ƙafata ba ta son matsi."

"Inna, ai nan ne ɗakin talabi..."

"Ya yi."

Yau shekara uku ke nan tana ciki. Talabijin ɗin an mayar da shi kan akwati, ta lulluɓe shi da zane mai sirfani, ta jera kofunanta da kwalbar maganin ƙafa a gabansa. Ko ƙwallo ɗaya bai kalla a kai ba. Duk Alhamis in ta soya fanke, sai ta aika a kira shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ta faɗi addu'ar layi-layi, shi kuma ya maimaita da ƙarfi, don ta ce kunnenta ya saba jin ta da muryar namiji. In ya yi sauri ta ce, "Baba ba ya gaggawa. Koma farko." Ta ramin bango nake jin su, don har yau bai toshe shi da kyau ba. Makon jiya sau bakwai ya koma farko.

Af, ga sallama can a ƙofa, mutanen Chust ne suka iso. Shanye shayinki, amarya, bari in je in karɓi kayan hannunsu in shimfiɗa musu.